Kwana Huɗu a Kan Tabarma

Zauren 'Yan Garinmu, ƙasar Ringim

Alhamis da dare

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na san kowa ya ji sanarwar ma'aikatar harkokin cikin gida, gobe Juma'a 18 ga Afrilun 2025 da Litinin 21 ga wata hutun Ista ne. In aka haɗa da Asabar da Lahadi kwana huɗu ke nan cur. To ina shaida muku tun yanzu, na baro Dutse na iso gida, kuma daga nan har asubar Talata ba inda zan taka sai masallaci. Ba ɗaurin aure, ba taron ƙungiya, ba rakiyar kowa kasuwa. Wanda ya aiko mini da kati ya yi haƙuri, addu'ata za ta iske shi daga gindin darbejiya.

Dalilina kuwa, duk cikin hutun da gwamnati take bayarwa a shekara, wannan ne kaɗai ba ya zo mana da ɗawainiya. Ƙaramar salla ɗinki ne da tuwon salla da yawon gaishe-gaishe. Babbar salla ka wuni tsakanin fiɗa da rabon nama. 12 ga Yuni shuka ake yi ko noman farko, 1 ga Oktoba kaka ta kama, kana tsakanin ɗaurin gero da cirar gyaɗa. Na Kirsimeti amfani ya shigo rumbu, kowa aurar da 'ya yake. Shi kuwa wannan ba bikinmu ba ne, ruwa bai sauka ba, ba ɗinki ba yanka. Bara ma cikin azumi ya faɗo, ba a san an yi shi ba. Bana da ya zo fili, ba zan bari ya wuce ni ba.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Ikon Allah sai kallo. Taubashi, yanzu har sanarwa ake bayarwa in za a yi zaman kashe wando? Da ka sa mai shela ya zagaya gari mana.

Baban Walida: Ke dai ba kya rabo da tsokana. Mutum ya yi wata da watanni yana sammakon ofis, ranar da ya miƙe ƙafa sai a ce kashe wando?

Direban Gujungu: Ranka ya daɗe ka huta lafiya, amma don Allah kar ka yi wa jama'a huɗubar zaman gida, sai ka kashe mana kasuwa. Yanzu na shigo daga Maigatari, gobe Wudil ke ci, jibi akwai kai amare, Lahadi kuma Gujungu. Mu in ma'aikata suka sami hutu lokacin muke ganin fasinja.

Na Fadama: Ni dai ina karantawa ina dariya. Shinkafar rani ba ta san Ista ba, ba ta san Lahadi ba. A wannan zafin ka yi mata fashin ruwa kwana biyu ka gani, fangali ya tsattsage, ganye ya naɗe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 muka koma ban-ruwan asuba da na yamma, don kar rana ta shanye abin da muka saya da tsada. Gobe kafin a kira assalatu na ɗaure inji a babur. Ku masu albashi ku huta, Allah ya ba mu abin da za mu ciyar da ku.

Baban Walida: Amin. Ai ban ce kowa ya kwanta ba, kaina na yi wa magana.

Ɗan Legas: Yaya, ka huta har da nawa. Nan unguwar da nake gadi ta yi tsit, masu gidajen sun tafi garuruwansu yin biki, mu aka bar wa ƙofa. Kuɗin motar zuwa da dawowa ya kusa cinye abin da nake samu a wata, sai dai babbar salla in Allah ya kai mu. Abu ɗaya nake roƙo. In ka tashi daga barcin azahar ka je randar Inna, wadda aka binne gindinta cikin yashi a bayan ɗaki, ka ɗebo da moɗa ka sha ka tuna da ni. Na sha ruwan firij iri-iri a nan, ban ji mai ƙamshin ƙasa irin nata ba.

Malam Ƙarami: Hutu ba laifi ba ne, kar wanda ya ɗora wa bawan Allah nauyin da shari'a ba ta ɗora masa ba. Allah ya faɗa a Suratun Naba'i cewa ya sanya barcinmu ya zama hutu. Kuma mun san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya ƙara musu yarda, lokacin da Salman ya hana ɗan'uwansa azumin nafila da tsayuwar dare ba ƙaƙƙautawa, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salman. Inda zan ja hankalin Baban Walida shi ne wajen katin nan da ya ce a yi haƙuri. Amsa gayyata yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, tare da duba mara lafiya da rakiyar gawa. Waɗannan ba sa tafiya hutu.

Baban Walida: Allah gafarta Malam, jana'iza da dubiya ba na wasa da su. Amma duba wayata ka gani. Tunda aka sauke salla ake ta ɗaura aure, duk wanda ya jinkirta saboda azumi yanzu ya tashi. Wasu katunan ko sunan angon ban sani ba, turo su kawai ake yi daga wannan zaure zuwa wancan. Duk su ma wajibi ne?

Malam Ƙarami: A'a. Malamai sun bambanta tsakanin wanda aka kira da sunansa da gayyar da aka watsa wa kowa da kowa. Wadda aka watsa, ka je ka sami lada, ka zauna ba ka da laifi. Amma in mutum ya tako ƙafa ya same ka, ko ya kira ka ya ce wane ina son in gan ka, to nemi uzuri na gaskiya, tabarma ba uzuri ba ce.

Baban Walida: Alhamdu lillahi, ba wanda ya tako ƙafa.

Shugaban Zaure: Zai tako gobe, tunda ka faɗa wa duniya kana gida.

Juma'a bayan la'asar

Auta: Yaya, yaya hutun? Mun ji ka shiru.

Baban Walida: Shugaba bakinka da kaifi. Bari in ba ku labari. Na dawo daga masallacin asuba na koma na kwanta. Hantsi na ɗagawa na ja tabarmar kaba zuwa gindin darbejiya, na jefa matashi, na ajiye buta da mafici da rediyo a gefe, Walida ta kawo koko da ƙosai. Iska tana ɗan kaɗawa, kaji suna tono a bakin turke, wallahi har na fara jin gaɓoɓina suna saki. Ban kai ga ƙosai na uku ba na ji sallama a zaure. Wani dattijo ne da takardar asibiti a naɗe cikin leda, magani aka rubuta wa matarsa. Yana fita wani ya shigo, ɗansa ya gama sakandare, wai in sa baki a ɗauke shi ko masinja ne. Ni da nake neman wanda zai sa mini baki a ba ni ƙarin girma! Bayansa 'yan kwamitin masallaci, kwanon rufi ya yage ana so a gyara kafin ruwa. Sai mai neman rance zuwa kaka. Sai wata gwaggo da rigimar iyakar gona, ni ba dagaci ba ni ba alƙali ba. Kafin in ankara ladan ya yi kiran farko, kokon nan ya yi sanyi ya kama jikin kofi.

Ban ce sun yi laifi ba, kowa da matsalar da ta koro shi. Amma abin da na lura shi ne, a ƙauye ma'aikaci ba ya zuwa hutu, ofis yake sauyawa. Can ana rubuta maka takarda, nan gaba da gaba ake zuwa, kuma ba sakatare a ƙofa. Mutane sun ji an ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun watan Yulin bara, sun ɗauka buhu ake ɗura mana. Ba wanda ya tambayi nawa buhun masara ya kai.

Ɗan Legas: Ka dai sha ruwan randar?

Baban Walida: Na sha, moɗa biyu, ɗaya taka.

Maman Sadiq: To tunda an fara ƙorafi bari mu ma mu shigo. Taubashi, duk baƙin nan da ka lissafa, wa ya kai musu ruwa zaure? Wa ya dama furar da aka ba dattijon? Ka ce Walida ta kawo koko, shi kokon daga sama ya sauko? Uwarta tun jiya ta jiƙa gero, ta aika inji, ta tace, ta tashi da duhu ta hura wuta. Ku maza ba ku san abin da hutunku yake ja mana ba. Ranar aiki miji ya fita, mace ta yi ɗumame ta sallami yara, da rana a yi ɗanwake ko a kwaɗa zogale a wuce wurin. Amma ranar da maigida yake gida girki uku ne, kowanne da zafinsa, ga shayin abokai, ga yara ba makaranta suna shiga suna fita. Yau ma Juma'a ba ko ta allo balle a sami sararin awa biyu. Ga wanki ya taru, ga layin famfo tun safe, ga murhu a wannan rana da ko takalmi ka bari a tsakar gida sai ya ƙona maka ƙafa. Ni ma malamar makaranta ce, takardar hutun nan har da ni aka rubuta. Tun safe ban zauna ba sai da na zo yin salla.

Amaryar Gidan Liman: Yaya kin faɗi gaskiya. Sai ya kwanta ya ce a hana yara hayaniya zai yi barci. Ka hana yara biyar hayaniya a gida ɗaya, wannan kaɗai aikin mutum guda ne.

Direban Gujungu: To fa, an taɓo inda yake musu ƙaiƙayi.

Baban Walida: Ni fa ban sa kowa girki uku ba. Ko fura aka ba ni ta wadatar.

Maman Sadiq: Furar ma sai an surfa, an wanke, an daka, an dafa, an kirɓa, an cura, sannan a tsaya jiran mai nono. Ka zaɓi wani abin dai.

Auta: Gwaggo tana kusa da ni ina karanta mata, ta ce in rubuta maganarta yadda ta faɗa. Ga ta:

"Ku gaya wa yaran nan mu ba mu san hutun takarda ba. A da rani shi ne hutun manomi. In an kai amfani rumbu an rufe, masu ƙarfi su tafi ci-rani, wasu su bi jirgin ƙasan da yake wucewa ta Ringim zuwa Nguru ko Kano. Waɗanda suka rage su zauna a inuwa suna tufkar igiya, suna saƙar tabarma da zana, ana dara ana hira. Mu mata muna kaɗi da saƙar faifai. Zama ne, amma hannu ba ya zama. Wanda ya kwanta da rana tsaka ba abin da yake taɓawa, sai a aika a tambaya ko ba shi da lafiya. Ita kuwa mace hutunta biyu ne a duniya, in ta haihu ta tafi wankan jego gidansu ta yi arba'in ana yi mata komai, sai kuma in ta tafi ganin gida. Shi ya sa kuke ganin in mace ta je ganin gida ba ta son dawowa da wuri, ba ƙin mijin take ba, tukunyar take gudu. Shi kuma Baban Walida ku ce masa ya zo ya gaishe ni, hutun bai hana shi ba."

Baban Walida: Gwaggo ina nan tafe bayan magariba. Auta ka ce mata na ji.

Shugaban Zaure: Ga wanda ya tako ƙafa nan, ta hanyar saƙo.

Asabar

Ta Asibiti: Sannunku da hutu, mu muna bakin aiki, asibiti ba a rufe shi. Na ga ana ta raha, ina so in sa baki da abin da ya shafe ni. Zaman gida a watan nan ba lalaci ba ne, dabara ce. A Afrilu zafin yankinmu yakan haura 40 a ma'auni, kuma mafi yawan waɗanda ake kawo mana a galabaice tsofaffi ne da ƙananan yara da masu aiki cikin rana. Daga sha biyu zuwa la'asar duk wanda ba dole ta fitar da shi ba ya nemi inuwa. A sha ruwa tun kafin a ji ƙishi, masu ramuwa da masu sitta shawwal su cika ciki da ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur. Sannan lokacin sanƙarau ne. Kar a cunkushe a ɗaki ɗaya a rufe taga, a fito tsakar gida a ɗaura gidan sauro. Bara a watan Maris aka yi allurar sabon rigakafin sanƙarau a Jigawa da Bauchi da Yobe, Najeriya ce ma ƙasar farko da ta fara amfani da shi, amma ba kowa ya samu ba. Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuya ya sandare, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, a kawo shi nan take, kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Kuma Yaya Baban Walida, tunda kana zaune, ka leƙo a gwada jininka. Masu zaman ofis hawan jini ba ya yi musu sallama.

Baban Walida: Ka ji wata gayyar kuma. To ƙanwata, in an yi la'asar.

Ta Asibiti: Abu na ƙarshe, wanda ya kwana yana latsa waya har ƙarfe biyun dare ya tashi da azahar, wannan ba hutawa ya yi ba. Na san wanda nake nufi.

Auta: Anti ai sunana kawai ya rage ki kira. Mu ɗalibai namu hutun daban ne. Da yamma gidan kallo akwai ƙwallon Ingila, da dare a hau intanet lokacin da layi yake sakin jiki. Da rana ko saƙo ka tura sai ya yi ta juyi. Amma in ana maganar waya a duba wa ya fi kowa rubutu a zauren nan tun shekaranjiya. Ba ni ba ne.

Mai Caji: Ni shaida ne. Wayar Yaya ba ta wuni a gida, tana shagona tana shan sola, kuma yaro bai daina zuwa tambayar ko ta cika ba. Wutar gwamnati dai mun manta kamanninta. Allah ya ƙara muku hutu, allona ya cika har na rasa inda zan soka wata.

Baffa Na Kudu: Assalamu alaikum. Ni ban iya dogon rubutu ba. Ɗana, na biya ta gonarku ta bakin hanya jiya. Tushiyar dawar bara tana nan a tsaye, ba a yi shara ba, ba a kai ko mangala ɗaya ta taki ba, alhali turkenku ya cika har awaki suna hawa kai. Katangar ɗakin mahaifiyarka ta yamma ta tsage, indararo ya karye. Maƙwabtanka sun gama kai taki da amalanke tun kafin azumi. Watan gobe in Allah ya so za a fara ganin hadari. In ba ka yi a kwanakin nan ba, yaushe za ka yi? Wannan hutu naka hutun jaki ne da kaya a ka.

Na Fadama: Baffa ya gama magana.

Baban Walida: Baffa Allah ya ƙara girma, na ji kuma na gode. Amma a yi mini adalci. In na ɗauki fartanya da manjagara na shiga gonar nan da wannan hannun da ya saba da biro, abin da zan yi a kwana uku samari biyu za su yi shi kafin azahar, ni kuma a kwashe ni a kai wa Ta Asibiti. Ga yara nan a bakin kasuwa suna neman na cefane. Na kira mai amalanke mun yi ciniki, gobe zai fara kwasar taki. Magini zai zo Litinin ya duba katangar. Ni na huta, su sun samu, gona ta gyaru. Wa aka cuta?

Baffa Na Kudu: Ba a cuci kowa ba. Amma gona tana son idon mai ita. Ka ba da kuɗi ka kwanta, za a zube maka takin nan a bakin gona wuri ɗaya, ƙuryar ba ta ga komai ba. Mahaifinka Allah ya jiƙansa ko ba ya aiki yana tsaye a kai.

Baban Walida: Amin. Zan leƙa da sanyin safiya.

Maman Sadiq: Masallaci kaɗai aka ce za a taka. Yanzu an ƙara gidan Gwaggo, an ƙara asibiti, an ƙara gona. Saura Gujungu.

Malam Ƙarami: Ku bar shi haka. Shi ya sa aka ce ni'imomi biyu mutane da yawa suna asararsu, lafiya da samun sarari. Wanda ya samu su a tare, ya huta da wani sashe ya yi zumunci da wani. Ƙailula kuwa kar a bar ta, tana taimakon mai tashi cikin dare.

Lahadi

Maman Sadiq: Jama'a ina da shawara, mun tattauna da wasu matan zauren nan. Taubashi ya ce shi ya ba da kuɗi an yi masa aikin gona, ya huta wasu sun samu. To mun karɓi wannan fatawar. Gobe Litinin, ranar ƙarshe, kar a hura wuta a gida. Da safe maigida ya aika a sayo koko da ƙosai ko waina. Da rana fura da nono daga masu talla, ga mangwaro ya cika kasuwa, ga kankana. Da dare gurasa da tsire, ko a sayo tuwo gidan mai tuwo. Mu ma mu ga yadda inuwar nan take.

Amaryar Gidan Liman: Na sa hannu.

Ta Asibiti: Ni ma, ko da yake ina aikin dare.

Direban Gujungu: Tabɗi. Kun san nawa ne tsiren da zai ishi gida mai mutum goma sha biyu? Sai dai kowa ya lasa. Ina cikin kasuwa yanzu, kaji ma sun yi tsada balle nama.

Na Fadama: Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. A garin nan in aka wuni hayaƙi bai tashi a gidanka ba, kafin magariba labari ya zaga. Wasu su ce rumbun wane ya ƙare, wasu su ce matarsa ta yi yaji. Sai ka ga maƙwabta suna aiko da kwanon tuwo a rufe, cikin tausayi. Da wane ido zan kalli mutane a masallaci? Ga almajiran da suka saba karɓa a ƙofar gida, ga tsoffin da ake kai wa kwano kullum. Tukunyar gida ba ta mutanen gida kaɗai ba ce.

Maman Sadiq: Wannan maganar taka ta ƙarshe ita kaɗai na yarda da ita. Kwanon tsoffi da na almajirai ba za a fasa ba, in an sayo a zuba musu. Amma batun me mutane za su ce, ai kun ga irinta ke nan. Namiji ya kwanta a ce gajiya ce, mace ta kwanta a ce ko lafiya.

Shugaban Zaure: A yi a hankali dai, kar a fita daga raha a shiga gidajen mutane. Kowa ya san abin da aljihunsa zai ɗauka.

Malam Ƙarami: Ba abin ƙi a shawarar. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Wanda ba shi da kuɗin tsire yana da hannun ɗebo ruwa da faskare.

Direban Gujungu: Allah gafarta Malam da kuɗin tsiren ya fi mini sauƙi.

Auta: Gwaggo ta ce a gaya wa Maman Sadiq dabara ta fi fito-na-fito. Wai su a da in suna son hutawa sai su tuƙa tuwon dare da yawa, gobe a yi ɗumame da safe, sauran a dama shi da nono da rana, ba wanda ya san an huta. Ta ce kuma in gida mai sassa ne a haɗa tukunya ɗaya, yau wannan sashe gobe wancan, kamar yadda ake yi kafin kowa ya ja danga ya ware.

Amaryar Gidan Liman: Gwaggo ai ɗumamen ma wuta yake so.

Baban Walida: Ni dai na amince, gobe ba girki a gidana. Dama an aiko ni da saƙon mangwaro da ƙanƙara.

Direban Gujungu: An aiko ka ina? Ranka ya daɗe ba kai na hango ɗazu a layin masu kankana ba, da hula a hannu kana fifita?

Maman Sadiq: Allahu akbar. Gujungu ta cika.

Baban Walida: Daga gona na wuce, mai amalanken ne ya ce akwai araha.

Litinin da dare

Shugaban Zaure: To masu yajin tukunya, a ba mu rahoto.

Amaryar Gidan Liman: Mu dai ba ta yiwu ba. Baƙi suka sauka daga Taura tun da hantsi, ka ba baƙo furar talla a gidan liman? Shinkafa da wake na dafa, tukunya biyu.

Maman Sadiq: Ni na yi rabi. Safe da rana ban taɓa murhu ba. Na shimfiɗa tabarma a rumfa, aka zo aka yi mini kitso, na yi barci har sai da Sadiq ya tashe ni la'asar tana neman wucewa. Da dare ne baban su ya dawo da gurasa, ya zauna yana juya ta yana kallona, wai shi in bai ci tuwo ba kamar bai ci komai ba. Na tashi na tuƙa. Amma shi ya kaɗa kukar, kuma duk ta yi gudaji, haka ya ci abarsa.

Baban Walida: A nan gidan an cika alkawari har dare. Sai dai Maman Walida da ta ga ba girki sai ta kwaso wankin da ya taru, ta ce ba ta iya zama haka kawai. Na ce ta bari, ta ce in bari ranar Talata wa zai yi.

Ta Asibiti: Yaya ba ka zo gwajin ba fa.

Baban Walida: Zan yi a Dutse.

Ta Asibiti: Haka ka ce da ƙaramar salla.

Baffa Na Kudu: Na je gonar da yamma. An watsa takin daidai, sai ƙuryar gabas da ba a kai ba. Magini ya ce katangar ba ta yaɓe ba ce, sai an rushe an ɗora sabuwa. Ka biyo ta gidana kafin ka tafi mu yi lissafin tubali.

Baban Walida: To Baffa, bayan sallar asuba. Direba, akwai wuri a motar farko? Ina so in isa Dutse kafin takwas.

Direban Gujungu: Akwai ɗaya a gaba, amma ƙarfe shida nake tashi, ba na jiran lissafin tubali. Kuma in da buhu za ka taho, kuɗinsa daban.

Auta: A ajiye mini na baya, ina da lacca ƙarfe goma.

Direban Gujungu: Kai sai na ga kuɗinka a hannu tukuna, na wancan zuwan ma ba ka cika ba.